Ranar da Aka Zura Kyamara a Rijiyar Gidanmu

Ku 'ya'yan Salifu, na san an ba ku labarin nan tun kuna ƙanana, kuma na san waɗanda suka ba ku shi ba su tsaya a bakin rijiyar ba. Wasu a Zongo sun ce na tsine wa ubanku a gaban mutane. Wasu sun ce tsufa ne ya ruɗa ni, na tsaya kallon hoto a talho, wato waya, alhali rai na tafiya. Ban tsine masa ba, kuma hankalina bai taɓa zama daidai kamar ranar ba. Zan faɗa muku yadda abin ya faru tun ina da bakin faɗa, wanda zai ji haushina ya ji shi a kan gaskiya.

Rijiyar tsakar gidanmu ta girme ni. Mahaifin Alhaji mijina ne ya sa aka haƙa ta, lokacin da suka sauke kayan goro a Wagadugu suka ce nan za su zauna. Da famfo ya shigo unguwa sai Alhaji ya sa aka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, ta zama wurin shanya tattasai da wurin zaman kaji. Haka ta yi shekara da shekaru a rufe har Allah ya yi masa rasuwa. Sai wata bazara ta zo da zafin da ban manta da shi ba, ruwan famfo ya riƙa ɗaukewa, wani lokaci a wuni a kwana ba ɗigo. Mata suna bin masu turin ganga har Kamsonge suna roƙo, su kuma suna yi mana yanga kamar masu rabon kujerar Makka. Gidan kuwa cike yake: ni, da Salifu da matarsa Samira da 'yarsu Nafisa, da autata Balkisa, ga direbobi 'yan Nijar da ke haya a ɗakunan zaure. Salifu ya ce a buɗe rijiya ko don wanki da ban-ɗaki. Na yarda. Da aka ɗaga murfin sai wari ya buge mu, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ubanku kanikancin babur yake yi, komai a wurinsa inji ne maganinsa, sai ya aro injin jan ruwa mai shan fetur don a kwashe tsohon ruwan. Tiyon bai kai ba, suka ɗaure injin da igiya suka zura shi cikin rijiyar, ya yi ta ruri a ciki tun safe har rana ta take. Da fetur ya ƙare suka fito da shi, suka bar bakin a buɗe wai ta sha iska, kowa ya tafi sallar azahar.

Ina kan tabarma ban ko naɗe carbi ba na ji ihun Samira. Ba ihun kunama ba ne, ba na faɗa ba ne. Na fito ba takalmi na tarar da ita durƙushe a bakin rijiya, riƙe da ɗan silifas ɗaya, ja, na Nafisa. Yarinyar lokacin ba ta isa shiga lakol, wato makaranta, ba, ga ta da ƙiriniya, ba abin da ba ta leƙawa. An duba ɗakuna, an duba bayan gida, an aika gidan maƙwabciyarmu Tene mai sayar da wake da shinkafa, inda takan je a ba ta ƙanzo. Ba ta nan. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika da mutane. Balkisa ta kira 'yan kwana-kwana da talhonta, waɗanda a nan muke ce wa pompiye, suka ce suna tafe. Salifu ya shigo a guje daga masallaci, ya leƙa, bai ga komai ba sai duhu. Ya cire riga, ya ɗauki igiyar da aka zura inji da ita, ya fara ɗaura ta a ƙugunsa, ya miƙa wa Mamman direba ɗaya bakin.

Ni kuwa na san abin da ke cikin ramin nan. Ina budurwa aka yi yasar wata rijiya a Widi, wana ya shiga bai fito ba, abokinsa ya bi shi don ya ceto shi, aka fito da su biyu aka jera. Ba ruwa ne ya kashe su ba, ko gwiwarsu bai kai ba. Iskar ciki ce. Tamu kuwa ta wuni tana shan hayaƙin fetur.

"Salihu, tsaya," na ce masa. Haka nake kiransa in magana ta yi nauyi.

"Inna, ɗiyata na ciki."

"Wa ya gan ta ta hwaɗa?"

"Ga takalminta nan hannun uwatta!"

"Takalmi na gani. Ban ga ɗiya ba. Mamman, aje igiyag ga, ka ɗauko mini hitila."

Aka kunna fitilar ƙwai, aka ɗaura mata zare, Mamman ya zura ta a hankali kowa na kallo. Harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu tun fitilar ba ta yi rabi ba. Tsofaffin da ke wurin suka dubi juna, don sun san ma'anar abin. Salifu ya ce shi ba fitila ba ne, zai riƙe numfashi, ya sauka ya ɗauko ta ya fito. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan dutsen bakin. A nan ne Balkisa ta yi magana.

Balkisa a lokacin ɗaukar hoton biki da suna take yi, sana'ar da na sha yi mata gori a kai. Cikin kayanta akwai wata 'yar kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, tana da gida na roba mai hana ruwa shiga. Takan ɗaura ta a hular kwano in za a raka amarya da jerin babura, ta bi su tana ɗauka. Abar ba ta da gilashin kallo a jikinta. Duk abin da idonta ya gani, a fuskar talho ake ganinsa, kuma ba wata igiya tsakaninsu, ta iska suke magana. Ni dai akwatin aljanu nake ce mata.

"Yaya, attends, ka ba ni minti kaɗan," in ji ta. "In ɗaura kamera da toci mu zura. In tana ciki za mu gan ta a talho, ka san inda za ka sa hannu."

Na cafke maganar tun ba ta faɗi ƙasa ba. Na ce ya ji, ko shiga zai yi ai gara ya san gefen da take, kada ya ɓata numfashinsa wajen lalube. Ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya sauke ƙafar. Ya ce ta yi sauri.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ni ban damu da abin da kyamarar za ta gani ba. Lokaci nake saye da ita, kafin pompiye su iso. Na riga na yi lissafina a tsaye a wurin: iskar da ta kashe wuta kafin rabi, in yarinya ta faɗa cikinta tun muna sallah, to Allah ya riga ya karɓi abarsa. In kuma ba ta ciki, ba a rasa komai ba. Ta kowane gefe, shigar Salifu gawa ce kawai za ta ƙara. Abin da nake tsoro shi ne hoton ya fito ya nuna ta, don na san daga nan ko mutanen Zongo duka suka taru ba su iya riƙe shi. Saboda haka Balkisa na durƙushe tana fama da na'urarta, kowa na addu'a ta haɗu, ni uwarta ina tsaye a kanta ina roƙon Allah a zuciyata kada ta haɗu.

Kuma da farko kamar an amsa mini. Ta danna maɓallin gefe har wata 'yar wuta shuɗiya ta fara ƙyaftawa, ta ce kyamarar ta buɗe wifinta. Ta nemo sunanta a talho, ya fito, sai talhon ya ce a ba shi lambar sirri. Ashe tsohon talhonta da ya san kyamarar an sace shi a kasuwa, wannan sabo ne, ba su taɓa gaisawa ba. Ta buga lambar da take zato, ya ƙi. Ta sake wata, ya ƙi. Gumi na ɗiga a kan gilashin tana sharewa da gefen mayafi. Samira ta daina ihu, ta koma wani nishi ƙasa-ƙasa da ya fi ihun ciwo.

"Kode ɗin hwa, Balkisa? Kayanki ne ba ki san kode ba?" Salifu ya daka mata tsawa.

"Na mance, Yaya, wallahi na mance! Bari in maishe ta yadda ta hito daga kanti."

Ta danne maɓallin ta riƙe har wutar ta mutu ta sake kamawa, ta buɗe wurin batir ta karanto lambar da masu ƙera ta suka rubuta a ciki. Wannan karon talhon ya karɓa. Fuskar Mamman ta bayyana a gilashin, katon hancinsa ya cika shi, don shi ke riƙe da kyamarar. Mutane suka ce Alhamdu lillahi. Ni gabana ya yanke ya faɗi. Aka naɗe kyamarar da tocila a jikin guga da robar tayar babur, aka fara zurawa. Ba a yi gaba biyu ba hoton ya ɗauke. Balkisa ta ce talhon ne ya ga wifin kyamara ba ya kai shi intanet, sai ya sake shi ya koma layinsa. Ta kashe intanet ɗin, ta sake haɗawa. Hoto ya dawo, muna ganin jajayen duwatsun bango suna wucewa, sai talhon ya ɗau ƙara, sunan gwaggonsu ta unguwar Waga 2000 ya rufe komai. Labari ya riga ya zaga dangi. Kun san mutanenmu, ba a jin abu ya sami ɗan'uwa a yi shiru, kowa so yake a shaida shi ne ya fara jajantawa. Ta katse, wani ya shigo. Ta katse, wani kawunsu ya shigo daga Bobo. Duk kira ɗaya sai hoton ya tafi, sai an sake nemo shi.

Salifu ya fizge talhon kamar zai maka shi da ƙasa. Balkisa ta ƙwace abinta, ta sa shi yadda ake sa shi in an shiga jirgin sama, ba kira ba saƙo, ta kunna wifi kaɗai. Kira ya tsaya. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu, har ni mai lissafi, shi ne da wannan lambar aka kira pompiye. Lungunan Zongo kuwa ba a gane su da kwatance ɗaya. Daga baya muka ji sun iso bakin kwalta suna ta kiran lambar a rufe, suna zagaye suna tambayar gidan da yaro ya faɗa rijiya. Dabarar da na riƙe don in jira su, ita ce ta ƙara nisanta su da mu.

Yanzu hoton ya zauna. Balkisa ta kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ta miƙa talhon a saman ramin, don ta ce in ta ja baya ko kaɗan duwatsu za su tare maganarsu. Salifu ya riƙe mata ƙugu, kansa a kan kafaɗarta. Ni ina ɗaya gefen. Guga na juyawa, hasken tocila na zagaya bango, hoton yana tsayawa yana tafiya. Gidan ya yi tsit, har kukan tantabarun maƙwabta ana ji. Sai ruwa ya bayyana, baƙi, yana ƙyalli da maiƙon inji. A gefe ɗaya ga ɗaya silifas ɗin, ja, a kife. Kusa da shi ga wani ƙyalle rawaya ya buɗe a kan ruwan, rabinsa ya nutse.

Samira ta ce rawayar riga ta sa mata da safe. Ta faɗi haka sau ɗaya, ta sulale, mata suka yi kanta.

"Ƙara sakin igiya! Sa ta cikin ruwan!" in ji Salifu.

"Yaya, in ta shiga ruwa rezo ya tahi. Wifi ba ya ratsa ruwa."

"Na ce a sa ta!"

Mamman ya saki. Muka ga ruwan ya taso ya rufe idon kyamarar, hoton ya daskare a kan wani kore-kore, shi ke nan. Balkisa ta ce tana ci gaba da ɗauka a can ƙasa, amma sai an jawo ta an sake haɗawa kafin a ga abin da ta gani. Salifu bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya miƙe, ya ja ƙullin igiyar ƙugunsa ya ƙara tamke shi, ya ce wa direbobin su riƙe. Suka riƙe. Ban ga laifinsu ba, uba ne ya ce a taimake shi ya ɗauko 'yarsa. Ya zauna a bakin, ya zura ƙafafunsa biyu ciki.

Ba ni da ƙarfin da zan riƙe namiji kamar Salifu. Abu ɗaya ya rage mini, wanda uwa ke da shi sau ɗaya a rayuwarta, kuma yawancin uwaye har su mutu ba su taɓa shi. Na zagayo na tsaya a gabansa, na dafa ƙirjina, na ɗaga murya yadda na bakin zaure ma zai ji.

"Salihu, in ka shiga ramin ga, ban yahe maka nonon da ka sha ba. Duniya da lahira."

Wata tsohuwa ta ce innalillahi. Direbobin suka saki igiyar kamar ta ƙone su, don ba mai son a ce da hannunsa aka zura ɗa cikin fushin uwarsa. Salifu ya ɗago ya dube ni. Na haife shi, na yi jinyarsa, na ga fuskarsa ranar da aka binne ubansa, amma ban taɓa ganin wannan kallon ba, kuma ba na fatan wata uwa ta gan shi.

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa, "Nahisa ce hwa."

"Na sani."

Ya zauna a nan, ƙafafu a cikin rijiya, bai shiga ba bai fito ba, hawaye na zuba a ƙirjinsa. Na zauna kusa da shi na riƙe igiyar da hannuna biyu. Bai ture ni ba, bai kuma sake dubana ba. Balkisa ta jawo kyamarar tana kuka, ta goge ta, ta sake haɗawa, muka kalli abin da ta ɗauko a ƙarƙashin ruwa: laka, da wani tsohon guga, da duhun da hasken tocila bai huda ba. Hoton bai ce tana nan ba, bai ce ba ta nan ba. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na dai san a cikinsa na yi wa jikata sallar gawa a zuciyata, na kuma yarda cewa watakila tana can tana motsi ni ce na hana a kai mata hannu.

Tene ce ta fita da gudu har bakin kwalta ta jawo pompiye. Ɗayansu ya goya tulun iska, ya rufe fuska, suka zura shi. Ya daɗe yana lalube da sanda da ƙafa, sannan ya fito da silifas da ƙyallen. Ba riga ba ce, ɗankwalin Samira ne. Ya cire abin fuskarsa ya ce ba kowa a ciki, ya kuma ce wanda duk ya sauka nan ba tulu ba zai kai ƙasa da hankalinsa ba. Ana cikin haka sai ga Nafisa ta fito daga tsohon ɗakin goron Alhaji, ba takalmi, da shatin buhu a kumatunta. Ɗakin a kulle yake tun rasuwarsa, shi ya sa ba wanda ya duba, ashe ta ƙasan ƙyauren da gara ta cinye take shiga. Takalminta ne ya faɗa tana leƙe, ta ɗauko ɗankwalin uwarta wai za ta kamo shi, shi ma ya tafi, tsoron duka ya sa ta ɓuya har barci ya kwashe ta. Jiniyar mota ce ta tashe ta.

A gaban mutanen nan duka na ce na janye maganata, na yafe wa Salifu duniya da lahira. Ya ce ya gode. Kafin damina ta sauka ya sa aka cike rijiyar da ƙasa, ya kama haya a bayan gari, ya kwashe iyalinsa. Ku da aka haifa a can, abin da ya sa ba ku tashi a gidan kakanku ba ke nan. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Duk Juma'a yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye abin da ya kawo. Amma da can in ya dawo daga gareji a kan tabarmata yake zubewa, ya ci tuwo a kwanona yana ba ni labarin masu babur da ƙaryarsu. Tun ranar bai sake zama ba. Mutane sun yi ta ce masa ai uwarka ta ceci ranka, ai ga shi yarinya ba ta ciki. Shi kuwa ya san abin da na sani: lokacin da na yi maganar, ban san ba ta ciki ba. Ina kewar ɗana ƙwarai, yana raye, yana zuwa duk mako.

Bara Nafisa ta zo mini hutu, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo. Tana tsefe mini kai sai na ji hannunta ya tsaya. Yaba take ce mini, yadda 'ya'yan Mosawa ke kiran kakanninsu.

"Yaba, in tambaye ki? Randa aka zura kamera, da a ce ina ciki hwa?"

Na so in ce mata ai na san ba ta ciki, jikina ya ba ni. Da ta ji daɗi, da ni ma na huta. Amma ban saba yi mata ƙarya ba.

"Da kin mutu ke kaɗai," na ce. "Da ƙannenki ba su zo duniya ba, da uwarki ta yi takaba a kan makoki."

Na zaci tashi za ta yi, kamar ubanta. Sai na ji ta raba wani layin gashin, ta ce in sunkuyar da kai, ba ta gama ba.